Tumbin Aro

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Saudatu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Durba ba za su bar ni ba. Har yau in na kafe babur a ƙofar masallacin garinmu, sai wani ya soma kaɗa hannu a gaban fuskarsa kamar mai korar wani abu a iska, sauran su kwashe da dariya. Bari dai in faro muku daga tushe, don ku san ba taɓin hankali ne da ni ba. Wauta ce zalla, irin ta malamin makaranta, wadda ake zama a tsara ta da hujjoji.

Ni malamin firamare ne a Rano, amma a Durba ta ƙasar Kibiya aka yanke mini cibiya. Mu biyu Inna ta haifa maza, Yaya Sale da ni auta, kuma dukkanmu Allah ya yi mu da jiki. Da na ce jiki, ba ɗan cika ido nake nufi ba. Ni ne mutumin da in na tsayar da motar haya direba yake leƙowa ya ce, "Malam, gaba za ka shiga, kai kaɗai." A gidanmu kuwa wannan abin alfahari ne. Inna ba ta san wani ma'aunin lafiya ba sai kumatu da wuya. In na je gaishe ta, na cika ƙofar ɗakinta har haske ya daina shiga, sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Auta, anya yarinyar nan tana ba ka abinci kuwa?" (Yarinyar nan ita ce matata Rabi, mai 'ya'ya uku.) Kafin in amsa an dire mini malmalar tuwon dawa uku, man shanu na iyo a kan miyar kuka, ga ƙwaryar fura a gefe tana jiran layi.

Akwai kuma taubashina Ɗan'azumi, ɗan gwaggona, wanda ya raɗa wa tumbina suna rumbun Inna. Tun muna samari bai taɓa gaishe ni da musabaha ba. Tafi yake kai wa cikin nan, tim, ya kasa kunne, ya ce, "Alhamdu lillahi, bana ma damina ta yi kyau." Ni kuma in yi ta dariya, don har ga Allah daɗi nake ji.

Shekara uku ke nan da Yaya Sale ya kwanta. Ya fara da cewa abinci ba ya yi masa daɗi, sai jiki ya soma zubewa. Mutumin da ya fi ni cika riga, cikin 'yan watanni ya koma ana tayar da shi zaune da hannu ɗaya. Da aka kai shi asibiti a Kano suka ce kansar hanta ce, kuma ta riga ta yi nisa. Aka dawo da shi ɗakin Inna, ita ta yi jinyarsa har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Ni ina zuwa ne ranar Juma'a in koma Lahadi, in zauna a bakin gado in yi masa sannu. Tun daga nan, a wurin Inna rama ba ta da wata fassara sai mutuwa. Ko akuyarta ce ta ɗan faɗa, sai ta kasa cin abinci.

Likitan da ya duba Yaya ya ce 'yan uwansa su je a gwada su. Na yi shekara guda ina cewa sai an yi hutu. Hutu uku suka zo suka wuce. A ƙarshe Rabi ta ɓoye makullin babur ta ce ba zan gan shi ba sai na yi mata alkawari, na yi. Aka ɗebi jini, aka ɗora ni a sikeli (allurar ta wuce ɗari ta ci gaba da tafiya abinta, ni dai na kawar da kai), aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto.

Likitan, wani siririn mutum da ko rabina bai kai ba, ya juyo da hoton ya ce, "Malam, ƙwayar cutar nan ta hanta da ta fi yi wa mutanenmu ɓarna, ba ka da ita. Ka gode wa Allah. Amma ka ga nan? Kitse ne ya shige hantarka ya zauna."

Na ce, "Likita, ai ni na ɗauka kitse a tumbi yake tsayawa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hantar da kitse ya cika tana iya kumbura a hankali, ta yi tabo, tabon ya taurare. A kan irin wannan tabon kansa ta fi samun wurin tsirowa. Ban ce za ka kamu ba, kuma ban ce ƙiba ce ta kashe yayanka ba, wannan Allah ne ya sani. Na ce dai kana buɗe mata ƙofa. Abin da yake hannunka shi ne ka rage jikin nan, kuma yanzu, tun hantar tana iya gyara kanta."

Na fito daga asibitin. Gaskiya na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba. Na wuce mai tsiren da nake tsayawa wurinsa kullum, ya ɗaga mini hannu, na yi kamar ban gani ba. Har ya biyo ni da kira yana tambaya ko wani laifi ya yi.

Daga ranar Rabi ta zama soja. Ta ɗauke babban kwanona ta ba ni na yara. Lemon kwalba ya bar gidan, man shanu ya koma abin da ake ɗigawa kamar magani, zogale da rama da kabeji suka mamaye rayuwata. Na koma zuwa makaranta a ƙafa, wanda a Rano wani aiki ne na daban, don duk mai babur ɗin da ya gan ni sai ya taka birki ya ce, "Malam, naka ya lalace ne? Hau in sauke ka." In na ce motsa jiki nake yi, sai ya dube ni da tausayi ya ce Allah ya kawo sauƙi. Amma abin ya yi aiki. Cikin wata takwas na ga yatsun ƙafata a tsaye, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Wuya ya fito, kumatu suka sauka, wandunana duka suka je wurin tela. Da na koma asibiti likitan nan har murmushi ya yi, ya ce in ci gaba, kada in saki.

To, saura Inna.

Wata takwas ɗin nan ban taka Durba ba. Kullum da uzurina: jarrabawa, taron malamai, babur ba lafiya. A waya take tambayata, "Auta, kana dai cin abinci ko?" in ce, "Yanzu ma na tashi daga kan kwano, Inna." (Ba ƙarya na yi ba, girman kwanon ne ban faɗa ba.) Sau ɗaya na yi ƙarfin hali zan gaya mata gaskiya. Na ce, "Inna, na je wurin likita, ya ce in rage…" Ban ƙarasa ba ta saka salati, tana cewa me ya kai ni wurin likita, me suka gani. Nan take na ce, "Ya ce in rage hawa babur da sassafe, saboda mura." Ta yi ajiyar zuciya. Bayan kwana biyu sai ga kwalbar man shanu ta aiko da ita.

Ana haka aka sa ranar auren Saudatu, babbar 'yar Yaya Sale, da wani yaron kirki ɗan garin Kahu. Ubanta ba ya raye, ni ne baffanta, ni ne waliyyi. Wannan karon babu jarrabawar da za ta cece ni. Na yi kwanaki ina juya abin a raina: tsohuwar nan ta binne ɗa ɗaya da ya rame a gabanta, yanzu ɗayan ya shigo mata da riga tana lilo a jikinsa, ranar bikin marainiyar jikarta? Wallahi na san faɗuwa za ta yi.

Wata rana da la'asar ina kishingiɗe a tsakar gida, idona ya sauka a kan matashin da na tokare da shi, tsohon matashi na audugar rimi. Na dube shi, na dubi cikina. Sai na ji wata dabara ta sauko mini, har na yi mamakin kaifin basirata.

Na kira Rabi na zayyana mata. A lokacin tana da ciki wata takwas, ba za ta iya bin hanyar Durba ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, maimaita, ina jin ban fahimta ba."

Na maimaita.

Ta ce, "Wato wata takwas muna wahala, ni da girki biyu kai da tafiyar ƙasa, don a raba ka da tumbi, yanzu kuma na aro za ka ɗaura?"

Na ce, "Na yini ɗaya ne. Don hankalin Inna."

"Ka je ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiya mana."

"Ke ba ki san Inna ba."

"To babu ruwana, kuma ba da allurata ba."

Na ce ai ɗinki ba gagara ba ne. Na farke matashin na zazzage audugar, na yayyaga ta ta yi laushi, na samo wani tsohon zanen Rabi mai jajayen furanni na yi masa jaka, na ɗinke da zaren da na tsinta a aljihun tebur. Ɗinki na farko ke nan a rayuwata, kuma ina kallonsa ina jin kamar in buɗe shago. Na haɗa masa igiya biyu na ɗaure ta baya, na zura 'yar ciki, na ɗora tsohuwar babbar rigata. Da na tsaya a gaban madubi sai ga ni na dawo, ni ɗin da aka sani. Rabi ta leƙo ta dafa bango tana dariya har da hawaye, ta ce, "Malam, ni mai na gaskiya ma ban kai ka ba. In ka riga ni sauka ka aiko a gaya mini."

Ranar Asabar na hau babur da hantsi. Bazara ce, irin zafin nan da ko ƙadangare yake neman inuwa, ni kuwa ga ni da matashi a ciki. Kafin in kai Kibiya gumi ya jiƙa ni sharkaf. Ramukan hanya kuma suka yi nasu aikin: duk ramin da na faɗa sai tumbin ya ɗan gusa, har na duba na ga ya koma kwiɓina na hagu. Na ratse bayan wata ɗorawa na ɗage riga ina juyo da shi mazauninsa. Ina ɗagowa muka haɗa ido da wata Bafulatana mai tallan nono. Ta gyara ƙwaryarta ta sauya hanya da sauri.

Na isa gida ya cika da mata, ana ta girke-girke. Na yi sallama a ƙofar Inna, na shiga da tumbina a gaba, na durƙusa da ƙyar kamar yadda na saba a da (har da ɗan nishi na ƙara don abin ya yi armashi). Ta amsa gaisuwar tana kallona. Ta kalli fuskata, ta kalli wuyana, ta kalli cikin, ta sake komawa wuyan.

Can ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Matso nan. Kamar wani abu ya faɗa maka a ido."

Na matsa. Ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta ja ta ɗayan ma. Hannunta ya yi sanyi ƙalau. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me, Inna?"

Ta ce, "Ba komai. Tashi ka je, ana jiranka. Allah ya yi maka albarka."

Karo na farko ke nan tun da aka haife ni da na shiga ɗakin nan na fito ba a dire mini kwano ba. Kun san abin da na raya a raina? Cewa na yi, madalla, dabara ta ci, ta gan ni a ƙoshe har ba ta ga wurin zuba ƙari ba. Na fito ina taƙama.

Kafin in gama gaisawa da gwaggonni in fita waje, ashe magana ta riga ni fita. A gindin darbejiyar ƙofar masallaci aka shimfiɗa tabarmi, mutanen Durba a gefe guda, baƙi 'yan Kahu a ɗaya gefen. Ina isowa aka dare mini hanya. Wannan ya ce, "Sannu, Malam." Wancan ya ce, "Sannu, taka a hankali." Wani dattijo da ya girmi mahaifina ya tashi ya ba ni wurin da ya fi inuwa. Har matashi aka kawo mini in jingina, na biyu ke nan. Na ce a raina, kai, ashe haka waliyyi yake da daraja, da na sani da tuni na aurar da wata.

Wanda nake tsoro shi ne Ɗan'azumi, don tafi ɗaya zai tona mini asiri. Da na hango shi tafe na naɗe hannuwa a kan cikin ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai ya zo ya tsuguna, ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ɗan uwa, duk wasan da na taɓa yi maka, don Allah ka yafe mini."

Na ce, "Kai kuma lafiya? Yau tuba ta same ka?"

Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, har yanzu da barkwancinsa." Ya koma bayana ya zauna yana jan hanci.

Wallahi ko a nan ban gane ba. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane.

Liman ya zauna daf da ni, aka fara. Na tanƙwashe ƙafa na ɗan sunkuyo don in ji shi sosai, sai na ji wani abu a ƙarƙashin riga ya ce ɓiit, a hankali. Na ƙame. Ban motsa ba, ban yi numfashi ba. Da numfashin ya ci ƙarfina na sake shi, sai ga wani ɗan farin abu ya fito ta wuyan rigata, ya tashi sama a natse, ya yi shawagi, ya sauka a gemun Liman. Liman ya share shi ya ci gaba da huɗuba.

Na ce bari in danne wurin da ya farke. Wannan shi ne kuskurena na biyu, don jakar nan ta zama zugazugi: ina dannawa tana hurowa. Ta wuya, ta hannun riga, ta aljihu. Fararen abubuwa suka fara yawo a kan jama'a. Na ji wani daga cikin 'yan Kahu yana raɗa wa na kusa da shi, "Akwai rimi a nan kusa ne?" Aka ce masa babu, tun tuni aka sare na bakin kasuwa. Suka ɗaga kai suna duban darbejiya da mamaki.

Wakilin ango ya nemi aure, sau uku kamar yadda aka saba. Liman ya juyo gare ni ya ce, "Waliyyi, ka ba da?" Na buɗe baki zan amsa, wani ɓurɓushi ya shige mini hanci. Na ce, "Na ba…" sai atishawa, irin mai girgiza mutum tun daga ƙafa. Na ji ɗinkin ya ƙara tafiya kamar taku guda. Jama'a suka haɗa baki, "Sannu! Sannu, Malam!" Na share hawaye na ce, "Na ba da." Aka shaida, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar.

Na ɗauka an gama, in lallaɓa in gudu. Sai Liman ya sake ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, kafin mu tashi, akwai ɗan uwanmu a cikinmu da Allah ya jarraba da rashin lafiya. Mahaifiyarsa ta aiko a sa shi a addu'a. Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sa kaffara ce." Na ɗaga hannu na ce "Amin!" da ƙarfi, na fi kowa, ina waige-waige in ga wane bawan Allah ne. Duk inda na waiga, ni ake kallo.

Kafin in gama haɗa lissafin abin a kaina, na yunƙura zan tashi, wani ya ce, "Ku taimaka masa mana!" Ɗan'azumi ya taso ta baya yana kuka wiwi, ya zagaye cikina da hannu biyu, ya ce, "Bismillahi," ya matse ya ɗaga.

Fuuu!

Ban san yawan audugar da ke cikin matashi ɗaya ba sai ranar. Ta fito ta wuya ta rufe mini fuska, ta fito ta hannuwa, ta fito ta ƙasa. Iska ta ɗebe ta ta watsa a kan 'yan Kahu, a kan goro da dabino, a kan rawanin Liman. Wuri ya yi fari fat, kowa na atishawa. Ɗan'azumi ya ji hannuwansa sun nutse har sun haɗu da juna, ya sake ni ya ja da baya yana ihu, "Innalillahi! Na fasa shi! Jama'a, na fasa shi!" Igiyar ta kwance, zanen Rabi mai jajayen furanni ya sulalo ta ƙarƙashin babbar riga ya faɗo a kan ƙafafuna.

Ga ni tsaye a tsakiyar mutanen gari biyu, waliyyin amarya, riga ta lafe a jikina kamar an rataye ta a ƙusa, auduga a gira, auduga a gashin baki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

Liman ya cire wani ɓurɓushi daga leɓensa, ya dube shi, ya dubi zanen, ya dube ni. Ya ce, "Malam, lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Allah gafarta Malam."

"Babu inda yake maka ciwo?"

"Babu."

Ya shafa gemu ya ce, "To alhamdu lillahi. Shekara talatin ina limanci, ban taɓa ganin addu'ar da aka karɓa tun ba a naɗe tabarma ba sai yau."

Wurin ya fashe. Dattawa na riƙe ciki, 'yan Kahu na faɗawa kan juna, maroƙi ya zauna a ƙasa ya kasa magana. Ɗan'azumi, da hawayen kukansa bai bushe ba, ya ɗauki zanen ya ɗaga sama yana cewa a zo a ga abin da aka haifa, mace ce.

Ni ban tsaya ba. Gida na nufa, don sai a lokacin abin da Liman ya faɗa ya gama shiga kaina: mahaifiyarsa ta aiko. Na ratsa matan tsakar gida, labari ya riga ya iso musu, suna ta toshe baki da mayafi. Na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a kan sallaya, carbi a hannu, fuskarta ta kumbura da kuka. Ranar auren jikarta, tun da na fita take nan.

Ta ce, "Ɗage rigar."

Na ɗage. Ta sa tafin hannu a cikina ta danna nan, ta danna can, ta danna ƙarƙashin haƙarƙari na dama, kamar wadda ta saba. Ta ce, "Da zafi?" Na ce babu. Sai ta saki kuka sabo, ta rarumi maficinta ta shiga ɗirka mini a kafaɗa, tana yi tana cewa, "Ɗan banza! Ɗan banzan yaro! Kashe ni za ka yi?"

Na ce, "Inna, tsoro na ji kada ki ga na rame hankalinki ya tashi."

Ta ajiye maficin ta ce, "Rama? Da ramar kaɗai na gani ai da sauƙi. Ka shigo mini wuya kamar na zakara, kumatu sun zurma, ga ciki tirtsitsi a gaba. Haka Sale ya koma a watansa na ƙarshe. Ko'ina ya bushe, cikin kaɗai ke hawa. Kai fuskarsa kake gani in ka zo, ni nake ɗage mayafin in goge masa jiki."

Duk tsarin da na yi, da igiya biyu da madubi, ashe surar mutuwar ɗanta na ɗinka da hannuna na saka na kawo mata har ɗaki. Kunyar waje ba komai ba ce a kan wadda na ji a nan. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, hoton hanta, kitsen da ya shige ta, abin da likita ya ce zai iya biyo baya in ban rage jiki ba, da ƙaramin kwano, da tafiyar ƙasa.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wato ramar nan ita ce maganin?"

"Ita ce, Inna."

"Ba ciwon ba ce?"

"Ba ciwon ba ce. Gudunsa nake yi."

Sannan ta jawo wani kwano da ke rufe a gefen gado, shinkafar biki ce da nama, an tula ta har murfin bai zauna ba. Ta ɗauko wani kwanon ta soma kwashewa. Ta kwashi cokali biyu ta tsaya ta dube ni, na girgiza kai. Ta ƙara biyu. Matar da ba ta taɓa rage wa ɗa abinci ba tun da ta fara haihuwa. Da ya koma rabi ta turo mini, ta kawar da fuska ta ce, "Ci. In ya yi yawa ka bari, ba zan ji haushi ba." Na ci, ita kuma tana tsince mini auduga daga gashin kai.

Abin da na koya dai ga shi, kyauta na ba ku: in za ka rame, je ka rame a gaban uwarka tana gani, ta yi kukanta na kwana ɗaya ku wuce wurin. Duk ƙaryar da za ka ɗinka don ka kwantar mata da hankali, ta riga ta ga abin da ya fi ta muni, kuma da shi za ta auna. In kuwa ka ƙi ji, ka rantse sai ka yi, to don girman Allah ka kai wa tela.